Mushe a Layin Mahauta

Ni mutumin Damagaram ne, a ƙasar Nijar, kuma Faransanci ne ya kawo ni Mubi. Lokacin jihar Adamawa sabuwa ce fil, ana neman malamai ta ko'ina. Wani abokina direban babbar mota mai ɗaukar shanu ya ce mini akwai wata sakandare a can da ta daɗe tana neman mai koyar da Faransanci ba ta samu ba. Na ɗaure akwatina da igiya na biyo shi. A raina na ce shekara biyu ta ishe ni, in ga duniya in koma gida. Abin da ban yi shakkarsa ba ko kaɗan shi ne harshe. Hausa ake yi a garin, ni kuwa da ita aka yaye ni.

Ranar farko na tarar da maigadin makarantar a bakin ƙofa, dattijo mai furfura da ƙatuwar sanda. Na gaishe shi na ce, "Baba, ina biron shugaba?" A wajenmu biro shi ne ofis.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yana aljihunsa."

"Biron ne a aljihunsa?"

"To ina zai ajiye? Ja ɗaya, baƙi ɗaya."

Na ce a raina tsufa ya taɓa wannan bawan Allah, na wuce. Sai daga baya na gane abin rubutu suke kira biro. Da ina da hankali, da tun a ranar na kama bakina.

Ran Litinin aka tara ɗalibai a fili, layi-layi. Shugaban makarantar, wani dogon mutum mai sanyin hali, ya ce in gabatar da kaina da Hausa, tunda Ingilishina bai wuce na gaisuwa ba. Na gyara wuyan rigata na fito gaba.

"Assalamu alaikum. Ni ne sabon mushenku."

Wurin ya yi tsit. Na ɗauka kwarjini ne, sai na ƙara ɗaga murya.

"Shekara shida na yi ina mushe a ƙasarmu. Yayana mushe ne. Ƙanwata ma mushe take aure. Kai, gidanmu gaba ɗaya gidan mushe ne."

Daga layin baya dariyar ta taso, ta biyo layi-layi har ta iso wurin malamai. Wata yarinya ta durƙusa tana riƙe da ciki. Shugaba ya ɗaga fayil ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa ina tsaye ina murmushi, ina cewa a raina lallai mutanen garin nan akwai fara'a.

Ga yadda abin yake. A wajenmu malamin makarantar boko mushe ake ce masa, daga kalmar da Faransawa ke girmama namiji da ita. Ɗaya mushen, wato dabbar da ta mutu ba a yanka ba, mu ma muna da shi, amma ba wanda yake haɗa su, don murya ta raba su. Na malami gajere ne, ana fara shi daga ƙasa. Na dabba kuwa ana jan sa, a fara daga sama a sauko. Yaro ɗan shekara uku a Damagaram ba zai ruɗe ba. A Mubi kuwa na malamin ba su taɓa jin sa ba, kuma yawancinsu Hausar a kasuwa suka tsince ta, a kan Fulatanci ko Gudanci ko wani harshen na gida. Murya ta hau ko ta sauka, duk ɗaya ne a kunnensu. Kafin azahar sunan ya riga ni isa gida.

Nan fa na gane Hausar garin ba irin tawa ba ce. Kowa namiji ne a bakinsu. Shugaba ya ce mini, "Mata na ya gaishe ka." Mai gidan da na kama haya, wani manomi ɗan Digil mai yawan dariya, ya tare ni wata safiya ya ce, "Saniya na ya haihu."

Na ce, "Ta haihu."

Ya ce, "A'a, kai ma har ka ji labari?"

Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma ba na iya jin kuskure in yi shiru. Na gyara wa mai shayi, na gyara wa mai wanki, na gyara wa ɗan acaɓa har ya sauke ni a rabin hanya. Ba wanda ya gyaru. Suka dai ƙara da cewa Mushen nan akwai surutu.

Mutum ɗaya ce a makarantar take cewa "ta" inda ya kamata, ita ce mai buga tafireta a ofishin shugaba. Mace ce natsattsiya, ta haura ashirin da biyar, da tabarau da kaifin baki. Iyayenta daga ƙasar Katsina suka zo tun kafin a haife ta. Ita ce ta zaunar da ni bayan taron nan ta yi mini bayanin abin da na ce wa mutum ɗari biyar, ba ta ko ɗaga kai daga tafiretarta ba. Da ta gama ta ce, "Amma ka yi ƙoƙari, Malam. Ba kowace mushe ce take tsayawa ta yi jawabi ba."

Na buɗe baki zan ce mushe namiji ne, sai na ga tana kallona ta saman tabarau, na gane da gangan ta yi. Ranar ce na fara dariya a garin Mubi.

Daga nan takarduna suka yi yawa. Jarrabawar da zan iya rubutawa a allo sai in kai a buga. Wata rana na ji tana ce wa masinja, "Takardar ta ɓace, ka nemo ta," na tsaya a bakin ƙofa ina jin daɗin "ta" ɗin nan har cikin raina. Mutane suna cewa ido ne ke fara so. Ni dai ta kunne ya shige ni. Bayan shekara guda na faɗa mata abin da ke raina, ta ce ta daɗe da sani, tana jira ne ta ga takarda nawa zan ɓata wa gwamnati kafin in yi magana. Ta ce ita ta yarda, saura mahaifinta. Sannan ta cire tabarau ta goge, ta ce, "Ka san sana'ar Baba kuwa?"

Ban sani ba. Mahauci ne, kuma babba a layin mahauta na kasuwar garin.

Ba ni da dangi a Mubi, sai na roƙi mai gidan hayata da malamin Larabci na makarantarmu su je mini. Suka sa manyan riguna suka tafi da goro. Na zauna a ƙofar gida ina jira. Ko awa ɗaya ba su yi ba sai ga su, goron na hannunsu.

Malamin Larabci ya fara kewaye-kewaye, yana cewa komai da lokacinsa. Mai gidana ya katse shi.

"Ya tambaya wane ne. Mun faɗi sunanka na yanka, ya ce bai san shi ba. Mun ce malamin Faransanci, ya ce bai san shi ba. Sai na ce wanda ake ce wa, ka dai gane. Ya ce oho. Ya ce shekara talatin yana yanka, abin nan bai taɓa shiga gidansa ba, ba zai fara da suruki ba."

"Abin nan?"

Malamin Larabci ya ce, "Ai mahauta ba sa faɗin kalmar, Malam. A layinsu ko da wasa ba a faɗin ta. Wanda ya faɗa, ranar ba mai sayen namansa. Sai dai su ce abin nan."

Na tambaya ko ya ce a'a ne gaba ɗaya. Suka ce bai ce a'a ba, bai kuma ce i ba. Cewa ya yi su gaishe ni.

Na ci alwashi a ranar sai na kashe sunan nan, ko ni ko shi. Mata nake so, kuma kalma ɗaya ce ta tsaya tsakanina da ita.

Da lalama na fara. Tunda malami ne ni, na ce bari in koyar da su yadda ake faɗa, in sun iya, magana ta ƙare. Na shiga aji uku na rubuta kalmar a allo sau biyu, na ja kibiya mai hawa a kan ɗaya, mai sauka a kan ɗaya. Na faɗi tawa a hankali, na ce su maimaita. Mutum sittin suka haɗa baki suka faɗi ta dabba. Na ce a'a, ku saurara da kyau, ku sake. Suka sake ta dabba, da ƙarfi. Na buga tebur na ce a sake, a sake. Muna cikin haka, aji na amsa kuwwa da "mushe, mushe," sai ƙofa ta buɗe. Maigadi ne, yana haki, da shebur a kafaɗa da tsumma a hanci.

"Ina yake? Akuya ne ko kare?"

Yaran suka nuna ni.

Da lalama ta ƙi, sai na koma ƙarfi. Na nemi izinin shugaba na sake tsayawa gaban taro, na ce daga yau duk wanda na ji ya kira ni da sunan nan, ko a makaranta ko a titi, zai yanki ciyawa. Sunana Malamin Faransanci. Na kuwa cika alkawari. Damina ce, ciyawa ta kai gwiwa. Cikin mako biyu filin ƙwallo ya zama tas, bayan ajujuwa tas, har gefen hanyar da ba tamu ba. Shugaba ya kira ni ya yi mini godiya, ya ce tun da ya zo makarantar bai taɓa ganin ta da tsabta haka ba, ya kuma tambaya ko akwai wani sunan da ba na so, don katangar baya tana bukatar fenti.

Sunan ya yi shiru. Wata guda cur ban ji shi ba. Na fara tafiya ina ɗaga kai, har na ce wa mai gidana ya shirya babbar rigarsa.

Sai zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyu. Rana ta uku da safe ina tsugune a ƙofar ɗaki ina asuwaki, sai ga mata huɗu na unguwar sun shigo da mayafai har ƙasa, ɗaya da ƙwaryar gumba, fuskokinsu a sunkuye. Ta gaba ta ɗaga kai za ta yi wa matar gidan gaisuwa, muka haɗa ido. Ta saki ƙwaryar. Na bayan suka juya suka yi waje, ɗaya ta bar takalmi ƙafa ɗaya.

Bincike ya nuna ɗalibaina sun bi dokata sau da ƙafa. Tunda an hana su Mushe, sai suka nemo mai ladabi. Marigayi suke ce mini. Wata yarinya ta koma gida ta ce wa uwarta yau ma ba a yi Faransanci ba, Marigayi yana kwance a ɗakinsa.

Na je ofis raina a ɓace, na zauna a gaban mai tafireta na ce na gaji. Na ce a wajenmu malami mutum ne mai daraja, a wajenmu in mushe ya wuce ana miƙewa tsaye, a wajenmu ba a taɓa kawo wa mai rai gumba ba. Ta bar ni na zazzage tas. Sannan ta zare takarda daga tafireta ta ce, "Malam, kai da kake gyara wa mutane Hausa, ka taɓa tambayar inda Baba ya koyi sana'a?"

Na ce a'a.

"Ƙauyensu da iyakar Nijar ba nisa. Yana saurayi shekara bakwai ya yi yana sayo shanu a Maraɗi. Kalmar nan ya san ta tun ba a haife ka ba."

"To me ya sa?"

"Ni 'yarsa ce, ba zan faɗa maka cikinsa ba. Ƙafa gare ka."

Bayan la'asar na tafi kasuwa. Layin mahauta ya fara watsewa, ana kankare tebura ana kora ƙudaje. Na sami mahaifinta zaune a kan benci yana goge wuƙa, gajeren dattijo mai faɗin ƙirji da farin gemu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya duba hagu ya duba dama, ya ga ba mai saye kusa, ya sassauta murya ya ce, "Sannu da zuwa, mushen lakwal."

Daidai ya faɗa, gajere, daga ƙasa, yadda uwata take faɗa in tana yi wa maƙwabta alfahari da ni. Lakwal kuwa ita ce makaranta a bakinmu. Kusan shekara biyu ban ji wannan daga bakin kowa ba. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Bayan ruwan kuma fushi ya biyo.

Na ce, "Baba, ashe ka sani. Ka bar ni ina ta haukata 'ya'yan mutane."

"Ni na aike ka?"

Ya nuna mini gefen bencin, na zauna. Na shiga yi masa bayanin asalina da gidanmu da irin mutuncin da muke da shi a can. Yana ji yana goge wuƙarsa. Da na numfasa ya ce, "Wadda kake so tana da yaya mace. Na ba wani ma'aikaci baƙo aurenta, mutumin kirki, ba ni da abin faɗa a kansa. Aka yi masa canjin wurin aiki ya ɗauke ta. Shekara tara ke nan, sau biyu na sa ta a ido. Jikoki uku gare ni, a hoto na san su. Matata kuma ta rasu. Wannan ita ta rage mini, ita ce nake jin motsinta a gida in san ban zama ni kaɗai ba. Kai kuma ba ma wani gari za ka kai ta ba, wata ƙasa."

Na rantse masa ba inda za ni, a Mubi zan zauna.

"Wancan ma ya rantse, kuma da gaske yake a lokacin. Tun da ka zauna a bencin nan sau biyar ka ce 'a wajenmu'. Mai gidanka ya ce akwatinka har yau da igiyarsa, ta gefe kake zaro riga. Garin nan ba kowa yake raɗa wa suna ba. Malamai nawa suka zo suka tafi ba wanda ya san da su? Kai an raɗa maka, ka tashi kana yaƙi da shi dare da rana, don kada ya manne maka ka koma gida da shi."

Na ce, "Baba, sunan dabbar da ta mutu ne fa."

"Ni sunana a layin nan Guntu. Shekara talatin. Ka ga na mutu?"

Ya miƙe ya naɗe wuƙaƙensa a buhu, ya ce in gaida gida.

Na koma ina huci. A hanya na shirya amsoshi goma da ya kamata in ba shi, kowace ta fi 'yar'uwarta. Na shiga ɗaki, sai idona ya faɗa kan akwatin. Yana nan a kusurwa inda na ajiye shi ranar da na zo, da igiyar da yayana ya ɗaure shi da ita a tashar Damagaram. Gaskiya ne ta gefe nake zaro riga. Ban taɓa lura ba. Na zauna a bakin gado ina kallonsa har aka kira magariba, kunya ta ishe ni.

Da safe na kwance igiyar na ba mai gidana. Ya karɓa ya juya ta ya ce igiya ce mai kyau, ya je ya ɗaure akuyarsa da ita. Na buga ƙusoshi a bango na rataye riguna. A makaranta ban yi wata sanarwa ba, na dai daina sa yankan ciyawa. Marigayi ya mutu da kansa, tsohon sunan ya dawo a hankali. Shugaba ne kawai bai ji daɗi ba, don fili ya koma daji. Amma amsawa, wannan ban iya ba. In an kira ni sai in yi kamar ban ji ba, in ƙara sauri. Na san mai gidana yana kai labarina kasuwa, don kullum da 'yar tsokarsa yake dawowa, amma daga wurin dattijon ba saƙo ko ɗaya. Mai tafireta kuma ta daina tsokanata, ta koma ce mini Malam kawai, wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Wata rana ta ce wani ɗan'uwansu mai shagon yadi ya fara zuwa gaida Baba. Ba ta ƙara komai a kai ba.

Ranar kasuwa ce, da hantsi. Na je sayen albasa, masu albasa kuwa a ƙarshen layin mahauta suke zama, matan Digil da na Vimtim da kwandunansu. Ba yadda zan yi sai na ratsa. Layin ya cika maƙil, ana sara ana awo, mata suna taɓa nama suna ciniki. Na sunkuyar da kai na bi ta ɗaya gefen, nesa da teburin dattijon. Har na kusa fita.

"Mushe!"

Da iyakar ƙarfinsa ya faɗa. Kuma ba irin tamu ba, irin ta Mubi, ya ja ta daga sama ya sauko da ita, ta dabba sak.

Layin ya tsaya cak. Wata mata da ta ɗauki cinya ta sake ta a kan tebur tana goge hannu da zane. Wani mutum da aka riga aka ƙulle wa nama ya miƙa ƙullin baya. Mahautan nan suka tsaya da gatari a sama suna kallon babbansu, wanda shekara talatin bai bari yaro ko babba ya furta kalmar a wurin ba. Masu saye suka fara ja da baya daga teburinsa, ana tambayar juna wane naman ne.

Ni kuwa ina tsaye, bayana gare shi. Na san da ni yake, rabin kasuwar ma ta sani. Taku uku ya rage in sha kwana in ɓace cikin masu albasa. Na tuna da uwata da alfaharinta, na tuna da yayana, na tuna da yadda ake miƙe wa mushe tsaye a wajenmu. Sai kuma na tuna mutumin nan cinikinsa na yini guda ya zubar a ƙasa don ya ji abin da zan ce.

Na juyo. Yana tsaye bayan tebur da wuƙa a hannu, bai ko kula da masu gudu ba, ni yake kallo.

Na ce, "Na'am, Baba."

Ya juya ga matar da ta saki cinya ya ce, "Hajiya, ɗauki namanki, da hannuna na yanka shi da asuba. Ba naman nake kira ba. Surukina ne."

Dariyar da aka yi a layin nan ta fi ta ranar taron makaranta. Mahauta suna buga gatari a kan tebur, mai albasa ɗaya ta yi guɗa. Ni ban yi dariya ba, na dai tsaya riƙe da jakar cefane ina kallon ƙasa. Ya yanko hanta ya naɗe a takarda ya miƙo mini, ya ce in gaya wa mutanena su dawo ran Juma'a, kuma su sake goro, wancan ya bushe.

Da na kai wa mai tafireta labari washegari ta ce ta riga ta ji daga bakin mutum shida. Ta ce ita dai tun farko ta san mushe ba ya tafiya ko'ina, inda ya faɗi nan yake zama. Sannan ta juya ga tafireta ta yi ta bugawa, ba takarda a ciki.

Gida muka kama a bayan nasa, katanga ɗaya ta raba mu, daga baya ma aka fasa ƙofa a jikinta. 'Ya'yanmu biyar, duk a cinyarsa suka yi wayo, kuma duk garin 'ya'yan Mushe ake ce musu, ba wanda ya rame. Babbar ma in ta yi fushi da ni, "Baba ya ce, Mama ya ce" take yi mini da gangan.

Shekarar da 'yan bindiga suka shigo garin ya watse kowa ya yi ta kansa, 'yan'uwana suka yi ta kira a waya suna cewa in kwaso iyali in dawo gida, ga ɗaki an share. Lokacin dattijon ƙafa ta ƙi, ido ya yi rauni. Na goya shi har inda muka sami mota, muka tafi Yola gaba ɗayanmu. A hanya ya riƙe mini wuyan riga ya tambaya ko daga can Nijar za mu wuce. Na ce masa Nijar ta me, ai ban rufe tagar ɗaki ba. Da aka ce an fara komawa, muna cikin na farko. A ɗakinsa ya cika bayan shekara guda, 'yarsa na riƙe da hannunsa.

Bara na je Damagaram bikin ɗan yayana. Ina tafiya a kasuwa wani ya yi ta kira a bayana, ban kula ba, har sai da ya biyo ni da gudu ya dafa kafaɗata. Tsohon ɗalibina ne na can, ya yi furfura shi ma. Ya ce sau uku yana cewa mushe, mushe, ko kunnena ya fara nauyi ne? Na ba shi haƙuri. Na ji shi sarai. Daidai ya faɗa, gajere, daga ƙasa, shi ya sa na ɗauka da wani yake.